Kafin ka ɗauko hoto a Google ka saka a shafinka

Jama'a, masu buɗe wa shago shafi a intanet, a kula. Ganin hoto a Google bai sa ya zama na kowa ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare mai shi, ko da bai sa sunansa a jiki ba.

In na kyauta kake so, duba shafukan hotuna irin su Pexels, Pixabay ko Unsplash, sai dai da wuya ka samu ɗinkin shadda irin namu a can. Taskar hotuna ta Wikimedia Commons ta fi su kayan gida, har hotunan Lugard Hall na Kaduna akwai. Amma karanta lasisin da ke ƙasan hoton, wato sharuɗɗan amfani da shi. In an rubuta CC BY dole ka ambaci sunan mai shi, in CC0 ne babu sharaɗi. In ka ga NC a wani wuri, ban da kasuwanci ke nan, shafin shago kuwa kasuwanci ne.

Ni dai a ganina ɗauki naka. Fito da kayan bakin shago da hantsi, ko a Kasuwar Barci kake, ka goge kyamarar waya da gefen riga. In fuskar wani za ta fito, nemi izininsa tukuna.