Kurakuran da ake yi wajen auna tafiyar wanda ya bugu a ka

Ranar da wanda ya yi hatsari a Hawan Kibo ya miƙe ya taka daga gado zuwa ƙofa, sai 'yan uwa su ce alhamdu lillahi, ya warke. Har ma'aikatan gashin ƙashi kan ruɗu da wannan. Daɓen asibiti a shafe yake, ga haske, ga mai jinya riƙe da hannu. Shi kuwa gida zai koma, Unguwar Rogo ko Gangare a Jos, inda hanya duwatsu ce da gangara, ga kwata da za a tsallake.

"Yau ya fi jiya" ba awo ba ne. Kujera da agogon waya sun isa: ya tashi, ya taka mita 3, ya juyo ya zauna, a rubuta daƙiƙoƙin. In za a maimaita, a yi da kujerar nan, da takalmin nan, da sandar nan, kuma a lokaci ɗaya na yini, domin mai raunin ƙwaƙwalwa yana saurin gajiya, tafiyarsa ta safe daban take da ta la'asar.

Wasu kan tsaya ga ma'aunin Berg kaɗai, wato awon yadda mutum ke tsayuwa da motsi ba tare da tangaɗi ba, mai gwaji 14 da maki 56. Yana da amfani ga wanda bai daɗe da tashi ba, amma saurayi mai ƙarfi zai iya cinye makin duka alhali ba zai iya tsallake titin Bauchi da sauri ba. Irinsa ake yi wa gwajin da ake kira HiMAT, wanda ya haɗa da gudu da tsalle da hawa bene. Kuma kada a gwada shi shiru. A sa shi ƙirge daga 100 zuwa ƙasa yana tafiya. In ya tsaya cak don ya yi tunani, ko ya fara tangaɗi, to cunkoson kasuwar Taminus ya fi ƙarfinsa tukuna.

Wanda ya fi damuna shi ne jiri. Mara lafiya ya ce ɗaki na juya masa in ya juya a kan gado, ko ya yi ruku'u, ko ya ɗago daga sujada, sai a ce masa ai ciwon ne, a yi haƙuri. Sau da yawa ba daga ƙwaƙwalwa ba ne. Buguwar kai kan goce wasu ƙananan ƙwayoyi a can cikin kunne, su faɗa inda bai kamata ba. Wannan jirin ba ya cika kai minti ɗaya, gwajin Dix-Hallpike, wato a juya kansa a kwantar da shi, na gano shi, dabarar Epley ta jujjuya kai kuma na mayar da ƙwayoyin mazauninsu, wani lokaci a zama guda. Sai dai a fara tabbatar da lafiyar wuya kafin a juya kan kowa. In jirin na zuwa ne da miƙewa, a auna hawan jininsa a kwance da a tsaye, a duba magungunansa, musamman na farfaɗiya.

Kada a tsaya kan bakinsa. Raunin kan hana mutum gane gazawarsa, ya ce lafiya lau yake da zuciya ɗaya. A ja matarsa ko mahaifiyarsa gefe a tambaye ta: Hajiya, ya faɗi a makon nan? Yana iya tsugunawa a bayan gida ya tashi da kansa? In an ɗauke wuta, bango yake dafawa?