Laka, igiya da littafin da ya ƙi sayuwa: kurakuran da aka fi yi

Ni da kaina nake buga littattafaina, ba kamfani. Shekarun nan kuma na kamu da tseren cikas, gudun nan da ake yi cikin laka ana tsallake katanga, ana rarrafe ƙarƙashin waya mai ƙaya. Kuskuren da ya kayar da ni a filin tsere, shi ne ya bar littafina na farko a kwance ba mai tayawa.

Babbansu duka shi ne mutum ya riƙa atisayen abin da yake jin daɗinsa kawai. Wata uku na yi ina gudu, numfashi ya zauna daram. Ranar gasa na isa gindin igiya, ta jiƙe sharkaf da laka. Na kama na ja, na zame. Na sake, na zame. Sai ga wata mata da ta girme ni nesa ba kusa ba, ta naɗe igiyar a ƙafa ɗaya ta take da ɗayar, ta haye kamar tsani, ta kaɗa ƙararrawar sama ta wuce abinta. Ashe ƙafa ce ke hawa, hannu riƙo kawai yake yi. Maganinsa: a koyi wannan kulle ƙafar, a riƙa lilo a jikin ƙarfe har yatsu su saba, a yi tafiya ɗauke da kaya masu nauyi. Gajeren zangon Spartan, wata sananniyar gasar tseren cikas, kilomita 5 ne, amma cikas 20 ke ciki, kuma a da an daɗe ana hukunta wanda ya kasa ɗaya da kwanciya ƙirji a ƙasa da miƙewa da tsalle har sau 30. Gudu kaɗai ba zai fishshe ka ba.

Marubuci ma haka. Rubutu muke so, talla kuwa sai ranar da littafi ya fito mu tuna da ita, mu cika Facebook da "ku saya, ku saya" kwana uku, mu yi shiru. Tun ana rubutu ya kamata a fara tara adireshin imel na masu karatu, domin shafin sada zumunta gidan haya ne, ba kai ke zaɓar wanda zai ga saƙonka ba. A ba wasu kaɗan littafin kafin ya fito, don shafinsa ya samu sharhi tun makon farko.

Sai zuba kuɗi a talla alhali bango da bayanin littafi ba su gyaru ba. Tallar Amazon da dannawa ake biya, ko an saya ko ba a saya ba. Ka ƙanƙantar da bangon ya koma kamar babban yatsa a waya; in sunan bai karantu ba, ko bai faɗi irin labarin da ke ciki ba, a sake shi tukuna. Gurabe bakwai na kalmomin bincike da KDP, dandalin Amazon na masu buga littafi da kansu, ke bayarwa, a cika su da abin da mai karatu zai rubuta, ba maimaita sunan littafin ba.

Farashi ma na cin mutane. A Amazon, littafin lantarki tsakanin dala 2.99 da 9.99 an daɗe marubuci na samun kashi 70 cikin ɗari, ƙasa ko sama da haka kashi 35. Shiga KDP Select kuwa, wani tsari na musamman a KDP, alkawari ne na kwana 90 ba za ka sayar da na lantarkin a wani wuri ba, kuma yana sabunta kansa in ba ka cire alamar ba.

Fita da zafi, wannan kowa ya sani kuma kowa yana yi: a ƙone ƙarfi a kilomita ta farko, a ƙone kuɗin talla a makon farko. A raba su su kai ƙarshe.

Na kusa mantawa da tufa. Rigar auduga in ta sha laka sai ta koma kaya a jikinka, sabon takalmi kuma ranar gasa ba abin da zai jawo sai kanta a ƙafa. A sa yadin roba mai saurin bushewa, da takalmi mai haƙora a tafi wanda ƙafa ta saba da shi, a ɗaure igiyarsa ƙulli biyu. Nawa na hagu har yanzu yana cikin wani ramin laka.