Kurakuran da ke sa giwar gidan namun daji teɓa

Giwar Yankari takan kwashe awa 16 ko fiye a rana tana kiwo, tana tafe tana karya rassa, tana ɓare ɓawon itace. Cimarta mai yawa ce amma ƙarfinta kaɗan ne, kusan rabinta ma da kashi take fita. Wadda ke tsare kuwa a gabanta ake zube mata komai, daga nan matsalar take farawa.

Babban kuskure shi ne kiwonta irin na san turka: dusa, masara, harawa, ga rake da ayaba da kankana. Baƙi ma kowa da ɗan abin da zai miƙa mata don a yi hoto. Gyaran shi ne busasshiyar ciyawar da ta ƙosa, irin gamba, da karan dawa da ɗanyun rassa su zama tushen abincin. A ma'aunin busasshen abinci, babbar giwa na buƙatar kashi 1 zuwa 1.5 cikin ɗari na nauyinta a rana, wato mai tan huɗu kilo 40 zuwa 60. Kayan zaƙi sai lokacin horo, ɗan yanka-yanka, shi ma a lissafa shi cikin rabon ranar.

Wasu kuma girman tumbi suke dubawa don gane ko ta yi teɓa. Ai tumbin giwa kullum a cike yake. Ƙashin baya za a duba, da ƙashin ƙugu da haƙarƙari. In bayan ya shafe ya yi sumul, ƙugu ya nutse cikin kitse, ta kai maki 5 a ma'aunin ƙiba na 1 zuwa 5, alhali 3 ake so. A riƙa ɗaukar hotonta daga gefe da ta baya duk wata, a tsaye wuri ɗaya, domin idon mai kula da ita kullum ba ya ganin ƙarin.

Zuba abinci sau biyu a kwami ɗaya ma kuskure ne. A rarraba shi wurare masu nisa da juna, a rataye wani a raga sama yadda sai ta miƙa hanci, a bar mata na dare.

Nauyin a ƙafa yake ƙarewa: farce ya tsage, tafin ƙafa ya yi ƙurji, gaɓoɓi su sandare, musamman a daɓen siminti. Mace mai teɓa kuma takan sha wuyar haihuwa.

Kada dai a ce za a ramar da ita da yunwa. Canjin abinci farat ɗaya na jawo ciwon ciki, giwa mai yunwa kuma haɗari ce ga mai kula da ita. A janye dusar da kaɗan-kaɗan cikin makonni, ana cike gurbinta da rassa, likitan dabbobi na bibiya.