Wasan ski: kayan da zaka ɗauka, da yadda zaka kauce wa zaftarewar dusar ƙanƙara

To ga wanda yake shirin gwada ski, wato zamiya kan dusar ƙanƙara da dogayen alluna biyu a ƙafa, shawarata ta farko kada ka sayi komai tukuna. Haya zakayi. Kusan duk inda ake wasan nan akwai shagon haya a gindin dutse, kuma sai kayi kwana uku huɗu kana faɗuwa kana tashi kafin ka gane me ƙafarka take so.

Ka fara da takalmi, don wallahi shine komai. Ranar da na fara na karɓi wanda ya fi ƙafata da lamba ɗaya wai don inji daɗi, ai kuwa kafin azahar ƙafa tana ta yawo a ciki, na juya hagu allon yaƙi bina, farcen babban yatsana sai da yayi baƙi. Da santimita ake auna shi, tsawon ƙafarka kenan daga diddige zuwa yatsa. In ka tsaya a miƙe yatsunka su ɗan taɓa gaba, in ka lanƙwasa gwiwa su ja baya kaɗan, diddige kuma kada ya ɗaga ko kaɗan. Akwai lambar tauri a jikinsa, sabon shiga 60 zuwa 80 ya ishe shi, masu 120 da 130 na ƙwararru ne, ka bar musu abinsu. Safa ɗaya tak, doguwa mara kauri, kar ka ninka biyu.

Allunan kuma in ka tsayar dasu a gabanka su kai tsakanin haɓa da hanci, gajere yafi sauƙin juyawa. Wanda faɗin tsakiyarsa yake milimita 70 zuwa 85 shine na hanyar da aka gyara, masu faɗin 100 zuwa sama na dusa mai zurfi ne. Maƙalin da yake riƙe takalmi a jikin allo ana saita shi da wata lamba da ake kira DIN, mai shago zai tambayeka nauyinka da tsawonka da shekarunka da iyawarka, don Allah ka faɗi gaskiya. In ka cika baki kace ka iya, zai ɗaure shi da ƙarfi, ka faɗi allon yaƙi sakinka, gwiwa ce zata biya.

Hular kwano ba'a wasa da ita. Michael Schumacher, shahararren direban tseren mota, a watan Disamba 2013 a Méribel ta Faransa ya buga kai da dutse, da hular a kansa ma kenan, amma sai da ya samu mummunan rauni a ƙwaƙwalwa, to ina ga wanda bai saka ba. Tufafi kuwa hawa uku, na ciki mai tsotse gumi, na tsakiya mai ɗumi, na waje mai tare iska da ruwa, banda auduga don in ta jiƙe sanyi take riƙewa. Sai tabarau da safar hannu. A Turai launi ne ke nuna wahalar hanya, shuɗi mai sauƙi, ja matsakaici, baƙi sai gwanaye, a Faransa akwai kore ma na 'yan koyo.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna. Muddin kana cikin hanyar da aka kafa wa sanduna, ma'aikatan wajen suna lura da ita, har nakiya suke fasawa da sassafe su zubar da dusar da take shirin zaftarewa. Da ka tsallake igiyar da ta shata iyakar hanyar ko da taku goma ne, ka koma hannun kanka. Yarima Friso na ƙasar Holan a Lech ta Ostiriya dusa ta binne shi a wajen hanya cikin Fabrairu 2012, an tono shi amma bai farfaɗo ba har ya rasu a 2013.

Abinda yake faruwa shine dusa hawa hawa take kwanciya, in akwai hawa mai rauni a ƙasa sannan iska ta tara mai tauri a samansa, nauyin mutum ɗaya ya isa ya tsage shi, sai falle guda ya taho gaba ɗaya. Mafi yawan waɗanda suka mutu, su ne ko wani a cikin tawagarsu ya tada ta. Kuma gangaren da yake tsakanin digiri 30 zuwa 45 nan ne matattararta, abin haushin shine nan ne zamiya tafi daɗi.

Kullum da safe ka karanta sanarwar haɗari ta yankin, a Suwizalan cibiyar SLF dake Davos ce take fitarwa. Mataki biyar ne, 1 zuwa 5. Mutane suna raina 3 saboda yana tsakiya, alhali a nan aka fi mutuwa, don a 4 da 5 kowa tsoro yake ji ya zauna. In sabuwar dusa ta sauka da yawa jiya, ko iska ta kwana tana kaɗawa, ko gari yayi ɗumi farat ɗaya, ko kaga inda ta zaftare kwanan nan, ko kaji wani ƙara "wumf" a ƙarƙashinka tsaga ta gudu daga bakin allonka, malam juya kawai, babu kunya a ciki.

In dai sai ka fita wajen hanya, abu uku dole ne a jikin kowa: na'urar gano wanda aka binne mai aika sigina da kuma nemanta a kan zangon rediyo 457 kHz, sandar soke dusa mai kamar santimita 240 zuwa sama, da shebur na ƙarfe, na roba karyewa yake don dusar da ta zaftare daskarewa take kamar siminti. Na'urar a jikinka take zama ƙarƙashin riga, a kunne, batir lafiyayye, waya kuma ka nisanta ta da ita don tana rikita ta. Jakar baya mai balan-balan tana taimakawa mutum ya zauna a sama sama, amma bata hana ka bugu da itace. Gangare mai haɗari ɗaya bayan ɗaya ake sauka, sauran suna kallo daga gefe.

In ta kwashe ka, ka yar da sandunan dogarawa dake hannunka, kayi ƙoƙarin fita ta gefe, in ta fara tsayawa ka sa hannu gaban fuska ka samu wajen numfashi. In abokinka ta kwashe, ka kafa ido a inda ka ganshi na ƙarshe, wani ya kira lambar agajin gaggawa 112 in a Turai kuke, kowa ya maida na'urarsa kan nema. Wanda aka tono cikin minti 15 kusan kashi 90 cikin 100 suna rayuwa, bayan minti 35 abin ya faɗo wajen kashi 30, kaga jirgin ceto ba lallai ya iso ba, ku ne dai. In sandar sokewar ta taɓa shi ka barta a soke, ku koma ta ƙasan gangare ku haƙo zuwa gare shi, kuna karɓa-karɓa don haƙan nan cikin minti biyu yake gajiyar da mutum, kuma fuska ake fara buɗewa a share masa baki da hanci.

Duk wannan a karatu bazai zauna ba, ka nemi kwas na kwana ɗaya ko biyu, ku binne jaka da na'ura a ciki ku nema kuna duba agogo. Ni karon farko sai da na haura minti goma ina zagaye waje ɗaya.