Kurakuran da masu ƙira ke yi idan sun ari kayan shayin wasu ƙasashe

Ramin da mai ƙirar kofi ko buta ya fi faɗawa shi ne ya kwaso siffa, ya manta da hannun da ke riƙe ta. Dubi ɗan gilashin shayin Turkiyya mai siririn ƙugu. Ba shi da mariƙi, bakinsa ake kamawa da yatsu, kuma ƙanƙantarsa ce ke sa a shanye kafin ya huce, a ƙaro daga buta mai hawa biyu. Sai wani ya kumbura shi ya kai moɗa, wai don ya burge masu saye. Ƙarshenta rabin shayin ya sandare a ciki. Maganin wannan mai sauƙi ne: ka zauna ka sha da masu abin, ka ga inda yatsa ke sauka, kafin ka ɗauki fensir.

Akwai kuma masu yi wa Sin da Japan kuɗin goro. Garin shayin matcha na Japan ana kaɗa shi ne da ɗan maburgin gora, saboda haka ƙoƙonsa ke da faɗin gindi. Ka matse gindin don ƙawa, kumfa ba za ta tashi ba. Butar Yixing ta lardin Jiangsu na ƙasar Sin kuwa da gangan ake barin yumɓunta tsirara, don ya riƙa tsotse ƙamshi a hankali. Shi ya sa masu ita ke ware wa kowace buta irin shayi guda, ba sa kai mata sabulu. Wanda ya shafe cikinta da ruwan ƙyalli ya samu abin ado, amma ya kashe amfanin.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne zanen kintsugi na bogi: a buga layin zinare a jikin faranti lafiyayye. Asalinsa a Japan gyaran abin da ya fashe ne, da ƙaron itacen urushi da garin zinare, aikin makonni. In ba fashewa, me aka gyara? Haka ake yi wa ɗakin shayin Japan, a fente bango fari, a kwashe kujeru, a ce an yi wabi, wato ƙawar sauƙi da rashin ƙyale-ƙyale. Ɗakin shayi na Tai-an da ake dangantawa da gwanin bikin shayi Sen no Rikyu, wanda ya rasu a 1591, tabarma biyu ne kacal, ƙofarsa sai an durƙusa, babba da yaro. Abin aro a nan shi ne yadda ginin ke sauke girman kai, ba launin bango ba.

Wasu kuma tsoro ya hana su taɓa komai, suna ganin al'ada ba ta karɓar baƙo. Ai shayin na'a-na'a na Maroko da koren ganyen Sin ake dafa shi, kuma kofunan tangaran da suka fara isa Turai ba su da mariƙi, sai a ƙarni na 18 ya zama ruwan dare. Shayin boba ya fito a Taiwan a shekarun 1980, ƙwallayen garin rogon da ke cikinsa ne suka tilasta a yi masa tsinken zuƙa mai faɗi. In ka ara, rubuta a jikin kwali garin da siffar ta fito da sunan sana'ar, in kuma maginan can ne suka yi maka samfuri, a biya su.