Kurakuran da aka fi yi a ziyarar Kuba, Uhudu da Handaƙ

Yawancin alhazanmu rana ɗaya suke warewa a Madina don zagayen wuraren tarihi, kuma sau tari kuskuren tun daga masauki yake farawa: a fito ba alwala, wai in an isa Kuba a yi. Hadisin da ya ba da ladar umra ga mai salla a masallacin Kuba ya ambaci wanda ya yi tsarki a gidansa sannan ya taho. Don haka ka yi alwalarka a ɗaki kafin ka hau mota, ka kuma sa Kuba ya zama zangon farko. Manzon Allah (SAW) ya kasance yana zuwa can kowace Asabar, wani lokaci a ƙasa, wani lokaci a kan abin hawa.

A Uhudu ne aka fi yin asara. Mutane da yawa suna hawa ɗan tudun da ke kusa da maƙabartar shahidai, su ɗauki hoto, su dawo gida suna cewa sun hau Dutsen Uhudu. Wannan tudun na maharba ne. Uhudu shi ne dogon dutsen nan mai ja-ja da ke miƙe ta arewa. A kan ɗan tudun ne, ranar yaƙin Uhudu, Annabi (SAW) ya tsayar da maharba 50 ƙarƙashin Abdullahi ɗan Jubairu a Shawwal na shekara ta 3 bayan hijira, ya ce kada su sauka ko me suka gani. Da mafi yawansu suka sauka neman ganima, sai Khalidu ɗan Walidu, wanda bai musulunta ba a lokacin, ya zagayo da mahaya dawakai ta baya. Sahabbai 70 suka yi shahada, cikinsu har da Sayyidina Hamza da Mus'abu ɗan Umairu. Ka karanta wannan labarin tun da daddare kafin ku fita, ko ku tafi da malamin da zai nuna muku. In ka tsaya a kan tudun kana sane da shi, da idonka za ka ga hanyar da dawakan suka biyo, kuma zuciya ba ta barin wurin yadda ta zo.

A bakin maƙabartar, sallama ake yi wa shahidai, a yi musu addu'a. Ɗibar ƙasa ko tsakuwa don neman tabarruki, da jefa takarda ta cikin shinge, ba a koyar da su ba. Ka bar su.

Sai maganar direba. In ba ku yi yarjejeniya tun farko ba, zai iya ba ku 'yan mintoci a Handaƙ, ya kwashe ku zuwa gonar dabino ku shafe fiye da awa. Ku tsayar da kuɗin mota, wuraren tsayawa da daɗewar kowane zango kafin a tashi. Handaƙ, wato yaƙin gwalalo na shekara ta 5, wanda Salmanu Bafarishe ya ba da shawarar haƙa raminsa, yana buƙatar bayani sosai, domin ramin ya daɗe da shafewa. Abin da za ka gani shi ne Dutsen Sal'u da masallatan da ke gindinsa. Masallacin Ƙiblataini ba nisa daga nan.

Ku fita bayan sallar asuba. Zafin Madina yakan wuce digiri 40 a bazara, kuma wanda ya fita da hantsi yakan rasa jam'in azahar a Masallacin Annabi. A riƙe ruwa da lema, a ɗauki hoton lambar mota, musamman saboda dattawa.

Kada a cusa Badar cikin wannan zagayen. Tana da nisan kusan kilomita 150 daga Madina, ranarta daban take buƙata.