Yadda ake renon jagororin manoma a makarantar gona

Malamin gona ɗaya ba zai iya zagaye ƙauyuka goma a damina guda ba. Kafin babur ɗinsa ya iso, tsutsa ta gama da masara. Shi ya sa kowane gari yake bukatar mutuminsa, wanda in ya ce a yi feshi ko a dakata za a ji, domin an ga gonarsa. Irin wannan mutum renonsa ake yi. Hanyar da na fi yarda da ita ita ce makarantar manoma a cikin gona, wadda hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fara da manoman shinkafa a Indonesiya a 1989.

Fara zaɓen ɗalibai tun bazara, mutum 20 zuwa 25. Ka je ka gaida mai gari da sarkin noma, ka nemi albarkarsu, amma kada ka bar musu rubuta sunaye, don sai ka tarar da ajin ya cika da dangi masu jiran rabon taki. Ka faɗa a bainar jama'a cewa babu taki, babu kuɗin zama. Waɗanda suka tsaya bayan sun ji haka, su kake nema. Ka sa samarin da suka fara riƙe gayauna a ciki. Inda mata ba sa fita gona, a buɗe musu nasu ajin a tsakar gida da malama mace, a kan kiwo, ajiyar wake ko sarrafa gyaɗa.

Sai gona. A nemi ta bakin hanya, mai ƙasa irin ta kowa, a raba ta biyu. Rabi a noma shi yadda aka saba, rabi a gwada sabon abu guda ɗaya tak: ko irin masara na SAMMAZ daga cibiyar binciken noma ta Samaru, ko tazarar santimita 75 tsakanin kunya da 25 tsakanin shuka. In aka canja iri da taki da tazara lokaci guda, ranar girbi ba wanda zai san abin da ya yi aiki.

Zaman mako-mako shi ne zuciyar abin. A haɗu da sassafe, a kasu biyar-biyar, kowane rukuni ya shiga gona ya duba shuka goma. A juya ganye, a leƙa cikin ƙoƙon masara inda tsutsar nan da ta shigo Nijeriya a 2016 take ɓuya, a ƙirga masu ɓarna, a ƙirga masu cin su irin su gizo-gizo da tururuwa. Sai a koma inuwa, a zana abin da aka gani a kwali, mutum ɗaya ya miƙe ya yi bayani, a yi gardama, a yanke abin da za a yi wa gonar a makon. Mai bayani ya riƙa canjawa kowane zama, har da mai kunyar da bai taɓa magana gaban manya ba. Kai kuwa malami, aikinka mafi wuya shi ne kame baki. In an tambaye ka sunan ƙwaro, ka ce, "A ina ka same shi? Me yake ci?" A nan ne za ka fara gane su: wa ke riga kowa zuwa, wa ke sauraron yaro in ya kawo hujja, wa ke iya cewa "ashe ban yi daidai ba".

Kowa ya riƙe littafi, da boko ko da ajami, ya rubuta kuɗin iri, taki da ƙwadago. Wanda bai iya lissafin gonarsa ba, bai kamata a damƙa masa kuɗin ƙungiya ba.

Gab da girbi a gayyato maƙwabtan garuruwa, ɗaliban su yi bayani da bakinsu. Bayan an auna amfanin kowane rabi da mudu a gaban kowa, ajin da kansa ya fitar da mutum biyu ko uku. Ka haɗa su da hukumar bunƙasa noma ta jiharku, kamar KNARDA a Kano, ko cibiyar wayar da kan manoma ta ƙasa, NAERLS, da ke Zariya, don ƙarin horo a lokacin rani. Ka ɗora musu ƙaramin nauyi su gwada, misali tara kuɗi a sayo buhunan PICS na ajiyar wake a sari, ma'aji daban, mai rubutu daban, wa'adin shugabanci a rubuce.

Da ruwan shuka ya sauka, kowannensu ya buɗe nasa ajin a ƙauyen da ke kusa. Ka riƙa leƙa su sau ɗaya a wata, ka zauna a bayan taro, gyaran da za ka yi masa kuma ka bari sai an watse.